Rumfar Ruwan Gwadabe

A Unguwar Jaji, can gindin duwatsun Dutse ta wajen gabas, an yi wani mutum mai suna Gwadabe, sana'arsa tubali. Ba magini ba ne, gara a faɗi wannan tun da wuri, don magina ba sa son a haɗa su da shi. Shi dai nasa ya haƙo ƙasa, ya kwaɓa, ya mulmula tubali ya jera a rana, in sun bushe magini ya aiko da jakai a kwashe. Gajere ne, ƙafafunsa kullum ja wur da laka har gwiwa, kuma Allah ya hore masa baki. In ka gaishe shi da safe sai ka shirya, domin kafin ka kai ga tambayar iyali ya samo abin da zai tsokane ka da shi.

Ubansa ma tubalin ya yi, ya mutu ya bar masa 'yar gona a bayan unguwa da ramin da suke haƙar ƙasa a kusurwarta. Ramin nan ba kamar kududdufan mutane yake ba. Uban ya tarar da jar ƙasa mai danƙo a gindin wani ƙaton dutse, ƙasar kuwa ƙasa ta nufa, ba ta bazu ba, shi ya sa suka yi ta binta har ramin ya kai zurfin gaba uku, bakinsa kuwa bai fi faɗin ɗaki ba. Dutsen ya tsaya masa ta gabas, wata tsohuwar tsamiya ta rufa masa ta sama. Da damina ruwan da ke gangarowa daga dutsen yakan cika shi.

Akwai kuma abin da ya gada wanda ba a gani da ido. Wanda cinsa da shansa suka rataya ga bushewar laka tilas ya san halin ruwa, Gwadabe kuwa ya sani fiye da yadda ya san halin matarsa. Ya san tubalin da aka jera a fili inda iska ke kaɗawa yakan riga na jikin katanga bushewa, ko da rana ɗaya ce ke dukansu. Ya san kwaɓin da aka baza yakan bushe kafin azahar, wanda aka tara wuri ɗaya aka rufe da ganye kuwa ya kwana da danshinsa. Da damina, ko rana ta fito tar, tubali sai ya yi kwana biyar bai bushe ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce iskar ce ta ƙoshi, ba ta da cikin da za ta zuba wani ruwan. Mutane su yi dariya, sun ɗauka duk cikin shaƙiyancin ne.

Gonar ce matsalarsa. Ta gaji, ta tsufa, ta zama rairayi zalla. Gero in ya fito sai ya tsaya iya cinya, ya fitar da zangarniya kamar yatsa. Maganin irin wannan kowa ya san shi: taki. Al'adar wajen kuwa ita ce, bayan kaka Fulani su sauka a gonar mutum, shanu su ci kara, su sha ruwan mai gona, su kwana suna zuba masa taki, ana matsar da makwancinsu kaɗan-kaɗan har su zagaye gonar. Amma Bafulatani ba ya sauka don kyan fuskarka. Inda ruwa zai kai shi faɗuwar damina, nan yake sauka. A Unguwar Jaji kuwa garke ɗaya ke zuwa, na Arɗo Bubayero, kuma shekara da shekaru gonar Malam Ɗanmusa yake sauka.

Malam Ɗanmusa maƙwabcin gonar Gwadabe ne, falke mai jakai goma sha biyu, yana fataucin kanwa. A gonarsa akwai tafki mai kyau, tsakiyarsa da zurfi, kanya da tsamiya sun kewaye shi, gamba ta tare shi ta gabas. Mutum ne mai kyauta, ba a raina masa, amma yana da wata cuta guda: ba ya iya jin Gwadabe na son abu bai riga shi ba. Tun suna samari haka suke. Gwadabe ya taɓa tsayawa a kasuwa yana shafa wani rago mai tari, yana cewa da yana da hali da bai bar shi ya kwana a nan ba. Kafin ya juya Ɗanmusa ya saya. Ragon bai kai sallah ba.

To, shi Ɗanmusa ya daɗe yana hangen gonar Gwadabe, don in ya haɗa ta da tasa ta tafi har gindin dutse. Kuma kowa ya sani, gonar da mai ita ya tashi ya bari, hannun dagaci take komawa, ya ba wanda zai noma. Ɗanmusa ya riga ya raɗa wa dagaci cewa in ranar ta zo a tuna da shi.

Ranar kuwa ta kusa. Shekarar da suka ɗaure dami bakwai kacal, Fatsuma matar Gwadabe ta tsaya a bakin rumbu ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Malam," ta ce, "ni na gaji da auna wa yaran nan tuwo da ido. Yayyena suna can wajen Miga, ƙasa na nan ba mai nomawa. Mu tashi."

Gwadabe ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskarta, ya fasa. A gonar nan ya koyi riƙe fartanya, a nan ubansa ya faɗi ranar da aka ɗauko shi zuwa gida ciwon ajali. Yanzu kuma a ce jakan Ɗanmusa ne za su riƙa birgima a wurin?

"Ki ba ni damina biyu," ya ce.

"Biyu kuma? Ta me da me?"

"Ɗaya ta ruwa, ɗaya ta gero."

Ba ta gane ba, shi ma a lokacin bai gama ganewa ba. Ta ce ta ba shi, amma ya sani ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba.

Dabarar da kanta ta zo ta same shi. Shekara bakwai ko takwas ke nan da Nasara suka ci Kano, sai umarni ya zo cewa a gina bariki a bakin hanya, inda Bature zai riƙa sauka in ya fito rangadi. Ɗaki uku, da zaure, da katanga. Dagaci ya tara magidanta a ƙofar gidansa, ya ce kowane gida zai ba da mutum, tubali kuwa Gwadabe ne zai shugabanci yinsa. Saura a san inda za a haƙi ƙasa.

Gwadabe ya lissafa a ransa: mutum arba'in, wata guda suna haƙa. Ya saci kallon Ɗanmusa. Sai ya zube a gaban dagaci ya marairaice.

"Ranka ya daɗe, a taimake ni a haƙa a ramina. In mutum arba'in suka yi wata suna yashe mini shi, ai na samu tafki a banza. Kowa ya san ni talaka ne."

Ko rufe baki bai yi ba Ɗanmusa ya gyara zaman rigarsa. "Allah ya ba ka nasara, wannan ramin nasa ko mutum uku ba ya ɗauka. Ga tafkina nan ya ja baya, gaɓarsa duk ƙasar gini ce, ga shi kusa da hanya. A haƙa a nan. Furar ma'aikata ma na ɗauka."

Jin fura, magidanta suka ce ai maganar Malam Ɗanmusa ita ce magana.

A nan ne Gwadabe ya yi abin da har ya tsufa yana alfahari da shi. Ya miƙe, ya ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji.

"Malam Ɗanmusa, ka ji tsoron Allah kada ka yarda. Ruwan da ke shiga tafkinka kwazazzabo ɗaya ke kawo shi, ba ƙaruwa zai yi ba. In an faɗaɗa wurin, shimfiɗewa zai yi, rana da iska su lashe shi kafin bazara. Kuma tubali sai da filin shanya, dole a sare itatuwan nan a nome gambar. Ni na gaya maka, jama'a ku shaida."

Ɗanmusa ya yi murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo. "Kun ji shi ko? Yanzu yake roƙo a yashe nasa, da ya rasa kuma yashewar ta zama cuta. Hassada ce, Gwadabe. A sare, a nome. Dama itatuwan sun hana masu wucewa ganin ruwan."

Gwadabe ya sunkuyar da kai ya koma ya zauna, fuska a murtuke. Wanda ke kusa da shi ya ce ya ga kafaɗunsa na rawa, ya ɗauka kuka yake.

Aka yi wata guda ana aiki. Aka sare kanya da tsamiya, aka nome gamba ƙaf. Ma'aikata kuwa, wa zai wahalar da kansa ya haƙa ƙasa a aikin da ba nasa ba? Gefe-gefe suka yi ta kankara, suna ƙara faɗi. Rairayin sama da ba ya tubali kuma, maimakon su kai shi nesa, sai su tura shi tsakiyar tafkin inda ya fi kusa, har zurfin nan na da ya cike. Gwadabe yana gani. Kullum da yamma sai ya je ya sake yi wa Ɗanmusa gargaɗi, kullum Ɗanmusa ya ƙara wa ma'aikata fura ya ce su ƙara faɗi. Baturen da aka yi wa ginin sau ɗaya ya kwana a ciki a shekarar, ya ce sauro ya yi yawa.

Damina ta zo, tafkin Ɗanmusa ya cika ya batse. Gaskiya abin kallo ne. Ruwa ya shimfiɗu fetal, in ka tsaya a wannan gaɓa sai ka ɗaga murya na waccan zai ji ka. Fatake suna tsayawa a hanya suna tambayar na wane ne. Ɗanmusa ya sa aka kai masa buzu bakin ruwa, nan yake karɓar gaisuwa. Ba wanda ya kula cewa ɗan akuya yana ratsa rabinsa ruwan bai taɓa cikinsa ba.

Gwadabe kuwa gonarsa ta ba shi dami shida, ɗaya ya ragu. Fatsuma ta ce saura damina ɗaya. Da aka gama girbi, maimakon ya bar karan a gona ko ya sayar, sai ya kwashi rabi ya kai bakin raminsa. Ya gicciya itace a bakin ramin, ya shimfiɗa kara, ya bi da tsofaffin zana da ya roƙo gida-gida, ya bar 'yar kafa ta zura guga. Ya daina taɓa ruwan, ko na kwaɓi sai ya je wani kududdufi.

Unguwa ta samu abin yi. Mata in sun haɗu da Fatsuma a rijiya sai su ce, "Ina amaryar maigidanki? An ce an sa ta a lalle, ba mai ganinta." Maza kuwa su ce Gwadabe ya yi wa ruwa rumfa kada ya yi baƙi. Shi da ba a taɓa kayar da shi a baki ba, sai ya ce e, kuma sadakinta da tsada, wanda ya zo nema zai ji.

Arɗo Bubayero ya iso da shanu talatin da huɗu. Dattijo ne dogo, ba ya son magana mai yawa. Ya tsaya a bakin sabon tafkin ya daɗe yana kallo, ya zura sandarsa ya zaro ya dubi inda ruwa ya tsaya mata, ya ce, "Hmm." Amma sabo sabo ne, ga karan Ɗanmusa mai yawa, sai ya sauka inda ya saba.

Daga nan busasshiyar iskar gabas ta fara aikinta. Da can gamba da itatuwa ke tare ta, yanzu kuwa tafe take ba mai ce mata sannu, ta bi ta kan ruwan tun safe har yamma. Kowace safiya sai a ga sabon zoben laka a gaɓa, faɗin tafin hannu, wani lokaci faɗin taku. Da sanyi ya wuce rana ta buɗe, abin ya zama na gudu. Tafkin da yakan kai faɗuwar ruwa, ga shi saura wata biyu cur ya koma 'yar taɓo a tsakiya, shanu na shiga suna fitowa da baki duk laka.

Ɗanmusa ya kasa yarda. Shanu dai ba su ƙaru ba, ƙasar tafkin kuma yumɓu ce, ba ta tsotsa. Wani ya raɗa masa cewa an leƙa ƙarƙashin rumfar Gwadabe an ga ruwa kusan yadda damina ta bar shi. Shi ke nan, ya gano bakin zaren. Ya je gaban dagaci ya yi ƙara: Gwadabe na sace masa ruwa, ko da tulu ko da asiri.

Aka kira Gwadabe da hantsi. Ya zo ya durƙusa, ya saurari ƙarar har ƙarshe yana gyaɗa kai kamar shi ma abin ya dame shi.

"Ranka ya daɗe, sata kam ana yi, Malam Ɗanmusa bai yi ƙarya ba. Na ma san ɓarayin, su biyu ne. In an ba ni tasa da gora, yau za a kama su a ƙofar gidan nan."

Dagaci mutum ne mai son kallo. Ya aika cikin gida aka kawo babbar tasar tagulla mai faɗi da ɗan gora mai siririn wuya. Gwadabe ya sa aka auna ruwa ludayi ɗaya aka zuba a tasa, ludayi ɗaya a gora. Ya kai tasar tsakiyar fili inda ba inuwa ba katanga, goran kuwa ya ajiye shi a zaure ya ɗora masa ganye a baki.

"To, Malam Ɗanmusa, ga ruwanka a tasa. Kai da kanka za ka tsare shi, don kada a ce na haɗa baki da mai gadi. Ni zan zauna a nan kusa da ranka ya daɗe, a ɗaure mini hannu ma in ana so."

Ɗanmusa ya karɓi gora, wato ta duka, ya je ya zauna a gaban tasa. Ranar bazara ce, irin wadda ƙadangare ma yake neman gindin katanga. Ya kori kaji, ya kori akuya, ya kai wa wani kare duka ya kuskure. Azahar ta yi, ya ƙi matsawa, a gefen tasar ya yi salla. Gumi ya jiƙa masa rawani. Jama'a kuwa sun cika inuwar zaure, wata mai ƙosai ma ta kawo kaskonta. Lokaci-lokaci Gwadabe yakan ɗaga murya ya ce, "Malam, ka ga wani?" Ɗanmusa ya yi banza da shi.

Da la'asar dagaci ya ce a kawo. Aka kawo tasa, ba komai a cikinta sai wani farin zane a gindi. Aka juye goran a ludayi, ya cika, in ma ya ragu ido bai gani ba.

"Ga su nan, ranka ya daɗe," in ji Gwadabe. "Rana da iska. Rana ta ɗaga, iska ta kwashe. In ka shimfiɗa musu ruwa a faranti ka buɗe musu ƙofa, godiya za su yi maka. In ka tara shi wuri ɗaya mai zurfi, ka tare iska, ka yi masa inuwa, sai dai su lasa. Da damina ce ma da tasar nan ta kwana da ruwanta, don iskar lokacin a ƙoshe take. Ni dai ban san yadda za a kai su gaban alƙali ba."

Dagaci ya yi dariya har ya share hawaye da hannun riga. Wani dattijo ya ce ai kuwa an yi wannan gargaɗi a nan wurin, da kunnensa ya ji. Ɗanmusa ya ajiye sandarsa ya tafi bai yi sallama ba.

Washegari da safe Arɗo Bubayero ya zo bakin ramin. Ya ɗaga zana ya leƙa, ya zura sandarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

"Kaɗo," ya ce, "shanuna ba sa sauka rami."

"Zan ɗebo musu, Arɗo."

"Talatin da huɗu ne."

"Na ƙirga su tun ranar da kuka zo."

Bubayero ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Hmm." Da yamma garke ya ƙetaro iyaka ya shiga gonar Gwadabe. Gwadabe ya tsaya yana kallon saniyar farko da ta ɗaga wutsiya a gonar ubansa, farin ciki ya kama shi har ya rasa abin tsokanar da zai faɗa.

Murnar ba ta daɗe ba ta koma aiki. Ya auna rana, ya auna iska, amma bai auna bayansa ba. Saniya in ta sa baki a komi, wato kwalekwalen itacen da ake zuba musu ruwa, guga biyu ba ya ce mata komai. Tun asuba yake ja har rana ta take, ya huta, ya koma. A kwana na goma tafin hannunsa ya tsage, yana naɗe shi da tsumma. Makwancin shanun kuwa bai ci ko sulusin gonar ba.

Fatsuma ce ke kawo masa abinci, kuma ita ba ta yi dariyar tasa ba. Wata rana ta ajiye akushi ta ce, "Malam, ka bi ta bakin tafkin can kuwa? Inda muke wanki a inuwa, yanzu kututture ne. Matan unguwa ba su yi maka komai ba."

Ya bi ta can da yamma. Ya ga kututturan kanyar da shi kansa ya sha 'ya'yanta yana yaro, ya ga laka ta tsattsage. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda ba ya iya juyawa ta zama wasa. Bakinsa dai gaskiya ya faɗa, amma ya san abin da zuciyarsa ta nufa. Daga ranar ya ce kowace mace ta zo ta ɗebi tulu ɗaya na wanki ran Alhamis, ko da yake ya san kowane tulu daga kwanakin shanu yake fita.

Ana haka sai ga Malam Ɗanmusa, shi kaɗai, ba buzu ba rakiya. Rijiyar unguwa ta ja baya, dagaci ya hana shayar da dabba a cikinta, jakansa goma sha biyu kwana biyu ba su sha ba. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya sake tambayar gajiya.

Gwadabe ya raga masa. "Malam, kawo jakan. Amma ka san al'ada, wanda ya sha ruwan gona a gonar yake kwana."

Ɗanmusa ya dubi gonar. Jakansa, su zuba taki a gonar da yake jira ta mutu! Ya ce ya ji.

"Sannan ga hannuna ka gani. Barorinka biyu za su riƙa jan guga, na shanu da na jakai."

Ya ce wannan ma ya ji.

"Na farkon kuwa, don albarka, hannun maigida ake so."

Ɗanmusa ya dube shi kamar zai haɗiye shi. Sai kuma ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya kama igiya ya jawo guga ɗaya ya juye a komi, rabi a ƙafarsa. Arɗo Bubayero na jingine da sanda yana kallo. Masu ba da labari sun ce ranar ce kaɗai aka ga haƙoran Arɗo.

Kwana talatin da uku ramin ya yi yana shayar da garke. Da guga ta fara fitowa da laka, Bubayero ya ce gobe za su yi kudu, kuma Gwadabe bai roƙe shi ba, don ya san ba abin da zai ba su. Saura wani zirin gona ta yamma da shanu ba su taka ba. Jakan Ɗanmusa ne suka gama da shi, domin ɗan abin da ya rage a gindin ramin ya ishe su, kuma ba su da wurin zuwa. Suna nan ɗaure har ranar da hadari ya haɗo.

Aka yi shuka. Gero ya fito baƙi-ƙirin, ya wuce cinya, ya wuce kafaɗa, ya shanye Gwadabe gaba ɗaya, ko da yake wannan ba wani abin yabo ba ne ga gero. Da kaka suka ɗaure dami arba'in da ɗaya. Rumbu ya cika, aka jingina saura a jikin danga. Gwadabe ya yi ta jiran Fatsuma ta ce wani abu a kan maganar Miga. Ta auna, ta daka, ta tuƙa tuwo, yara suka ci suka bar saura, ba ta ce komai ba. Kwana uku yana kewaya ta yana neman hanyar tambaya, shi da ba a taɓa jin ya rasa ta cewa ba. Tsoro yake kada ta ce shekara ɗaya ba ta isa shaida ba.

A rana ta huɗu ya je bakin rami da hantsi zai fara ɗaura rumfar bana, sai ya tarar da ita a durƙushe ta yammacin ramin, inda rana ke shigowa da la'asar. Ta tona 'yan ramuka uku da bakin fartanya. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro ƙwallayen dabino, tana sakawa tana rufewa.

"Wannan fa?" ya ce.

"Zanar mutane ta ƙare, ba kullum za ka yi ta roƙo ba. Gara inuwar da ba a ɗaurawa."

Ya tsaya yana kallon hannunta. "Kin san shekara nawa dabino yake yi kafin ya haihu?"

"Bakwai. Wani takwas." Ba ta ɗago ba, ta danna ƙasar da tafin hannu. "Tsayuwar me kake yi, Malam? Ɗebo ruwa ka zuba musu."

Gwadabe ya juya da sauri don kada ta ga idonsa. Ya zura guga ya jawo, ya zuba wa kowanne a hankali, sannan ya tsinko ganyen kalgo ya rufe su.